Kaskon Nuhad

Matata Nuhad ta bar mini alkama cikin tafin hannu ɗaya a wani tsohon gwangwanin gahawa, ta kuma bar mini magana ɗaya. Kwana huɗu kafin rasuwarta, a watan Disamba, ta kama hannun rigata ta ce, "Nazih, kada kaskona ya shiga farin ruwa. Ka jira kogin ya yi ja da kansa." Na ce mata to. Alkamar ragowar irin gonar mahaifinta ce, kuma ba ta wuce shukar kasko ɗaya ba.

Mu kusan talatin ne. Mutanen ƙauyukan bakin kogin Ibrahim, can arewa da Beirut, suna ce mana masu kasko, wasu da dariya, wasu da tsaki. Shekara ashirin da uku ke nan da muka farfaɗo da makokin Adon, Saurayin da aladen daji ya kashe a kan waɗannan tsaunuka, wanda magabata suka ce jininsa ne ke rina kogin duk ƙarshen sanyi. Ni labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya. Na san jar laka ce ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara ke wankowa daga sama. Na san haka, kuma duk shekara ina kuka tare da kowa.

Tsarinmu ba shi da wuya. Ranar da kogin ya fara ja, Sitt Wadad, dattijuwar da gidanta ke kallon gada, za ta buga mini waya. Ni kuma in rubuta ranar a littafina in sanar da sauran. Kowa ya shuka alkama a kasko da sunan wanda ya rasa. A rana ta takwas, tsiron ya kai tsawon yatsa, jan kuma bai wuce ba tukuna, sai mu gangara cikin kwazazzabo zuwa wani shimfiɗaɗɗen dutse da muke kira Faranti. Wanda rashinsa ya fi zama sabo shi ke fara jefawa. Da zarar kaskon farko ya taɓa ruwa, ba mai juya wa kogi baya sai na ƙarshe ya shiga. Yakan ɗauke mu awa biyu.

Sai kogin ya daina cika alkawari. Wata shekara ya yi ja a tsakiyar Janairu, hanya duk ƙanƙara. Shekarar da ta biyo bai yi ba sam, muka yi ta jira har tuffa ta nuna. Bara kuwa kwana biyu kacal ya yi, a watan Mayu. A taron da muka yi bayan haka, Ghassan, likitan haƙori a Jubail, wanda ke shirya mana motoci, ya ce a tsayar da rana ɗaya: Lahadi ta biyu a watan Afrilu. Idan kogin bai yi ja ba, a zo da jar ƙasa a buhu a zuba.

"Mutane na da aiki," in ji shi. "Wasu daga ƙasashen waje suke zuwa. Ba za ka ce wa shugabanka a ofis kogi ne zai faɗa maka ranar hutu."

Na ɗaga hannu tare da masu goyon baya, domin maganarsa ta shiga hankalina. Nuhad ta bar hannayenta a kan cinya. Sitt Wadad ce kaɗai ta yi magana.

"Wato jini bai zuba ba, za ku yi wa mai rai kukan mutuwa," ta ce. "To. Kuka dai ba ya komawa gida hannu wofi. Idan bai tarar da gawa ba, sai ya nemo."

Aka yi dariya kaɗan, aka wuce zuwa maganar abinci.

'Yarmu Alisar tana aiki a Montreal. Ba ta sami jana'izar mahaifiyarta ba. Ta ɗauki hutu daidai da sabuwar ranar, ta ce in dai ba ta ga an sa uwarta a ƙasa ba, to ta ga an sa kaskonta a ruwa. Na daɗe riƙe da gwangwanin nan ina tunani. Idan na shuka domin Lahadin, wataƙila ruwan ya kasance fari. Idan na jira, Alisar za ta koma ba ta gani ba. Na shuka, ina ce wa kaina cikin kwana takwas hadari zai iya haɗuwa. Ko ɗigo bai sauka ba.

Ranar Asabar da hantsi muka isa gidan Sitt Wadad, ni da Alisar, kaskon na kan cinyarta. Alkamar ta fito sosai, kore shar. Muka tarar da Abu Milad zaune a dakali yana shan gahawa. Makiyayi ne, awakinsa na kwana a wata fadama can sama da gada, inda kwazazzabon ya tsuke. Mai zuwa coci ne, kuma tun da muka fara bai taɓa barin mu mu wuce ba tsokana ba.

"Ustaz, har yanzu kana noma a kwano?" ya ce. "Wannan gona taka, akuyata mafi lalaci za ta girbe ta da loma biyu."

"Ita ma sai ta jira rana ta takwas, Abu Milad."

"Awakina ba su da kalanda. Ku ma da ba ku da ita, ko? Na ji an ce yanzu da agogo allanku ke mutuwa."

Sitt Wadad ta miƙo mana gahawa. Abu Milad ya juya ga Alisar ya yi mata ta'aziyya yadda ya kamata, ya ce duk shekara mahaifiyarta kan aiko masa da dafaffiyar alkama da sukari, kuma yana ci duk da limaminsu bai sani ba. Sannan ya kurɓi gahawarsa ya dube ni.

"Kai mai ilmin ƙasa, bari in tambaye ka. Ka san ɓauren nan da ke ƙasan sabuwar hanyar da suka yanka a jikin dutse? Ya karkata. Mako biyu da suka wuce a tsaye yake kamar soja, yanzu ya sunkuya yana gaida kogi. Akwai kuma tsaga a gonar tuffar da ke samansa. Na sa sandata ta shige gaba ɗaya. Marmaron da nake shayar da dabbobi ya koma laka."

"Ka faɗa wa wani?"

"Ga shi na faɗa maka."

Na ce masa ya kwashe awakinsa daga fadamar. Ya ce ciyawar can ta fi, kuma dutsen nan tun kakansa yake barazana bai taɓa cika baki ba. Na ce ya ba ni lambar wayarsa. Ya yi dariya ya ce waya ta marasa awaki ce. Ya shanye, ya kifa ƙaramin kofin a kan faranti, ya kama hanyar sama.

Sitt Wadad ta bi bayansa da kallo, sannan ta dubi kaskon.

"Gobe ba zan sauka ba," ta ce. "Ina nan kan gada. Kai kuma, Ustaz, me ka ce wa Nuhad?"

"Kin sani."

"Na sani. Tambaya nake ko kai ka sani."

Ranar Lahadi sama ta wayi tas. Motoci shida suka tsaya a bakin gada wajen ƙarfe goma. Aka yi gaishe-gaishe, aka sauke kwanukan dafaffiyar alkama da rumman da za a ci bayan an gama. Ghassan da wasu maza biyu suka saɓa buhunan jar ƙasa uku. Ya ce daga gonar surukinsa ya haƙo, ta fi ta kogin ja.

"Sitt Wadad, ba ki zuwa?" ya ce. "Mun zo miki da jinin har gida, ba sai kin jira ba."

"Ka kai shagonka, likita," ta ce. "Can ne ake biyanka ka fitar da jini."

A bakin hanyar gangara mata suka kwance gashinsu kamar kullum, suka fara kukan. Hanyar siririya ce, mutum ɗaya-ɗaya, kuma a hankali ake bin ta domin duwatsun na da santsi. Minti ashirin ne zuwa ƙasa, hawa kuma ya fi haka. Ina gaba da kaskon a ƙirjina, Alisar na bayana. Kukanta ya bambanta da na sauran, don nata na gaske ne.

Da muka isa Faranti, abin da na fara lura da shi shi ne shiru. A wannan wuri sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Ran nan kuwa ina jin takun mutane, ina jin wani yana share hanci a can baya. Ruwan fari ne garau, ana ganin tsakuwa a ƙasansa, kuma ya yi ƙasa fiye da yadda na taɓa gani a Afrilu.

Ghassan ya kwance buhun farko ya zazzage daga gefen sama. Ja ya bazu, ya wuce ta gabanmu, kafin a ƙirga ashirin ruwan ya koma fari.

"Ustaz, kai ne farko," ya ce a hankali. "Zan zuba na biyu, kana gani ya iso sai ka saki."

Ban motsa ba. Ina kallon duwatsun da ke tsallake. Kowannensu na da jiƙaƙƙen layi, kusan taƙi ɗaya sama da ruwan, kuma rana na dukansu. Da tun jiya ruwan ya janye, da sun bushe. A wani ɗan rami kusa da ƙafata ƙananan kifaye huɗu na mutsu-mutsu a cikin ruwan da bai rufe bayansu ba.

"Baba," in ji Alisar, ta taɓa gwiwar hannuna. "Duba."

Daga can sama, inda kogin ke fitowa daga lanƙwasa, wani jan zare na tahowa a tsakiyar ruwan. Daga can sama da inda Ghassan ya zuba ƙasarsa yake fitowa, nesa da shi. Ya yi kauri yana zuwa, har ya cika faɗin kogin, ja mai duhu kamar hanta. Mata suka daina kuka. Wani ya ce kogin ya amince da ranarmu. Wata ta durƙusa ta sa tafin hannu a kan dutsen. Ghassan ya saki buhunsa, na ga idonsa ya ciko da hawaye, kuma ban taɓa ganinsa ya yi kuka a makokin nan ba.

"Da kansa ya yi, Baba," in ji Alisar. "Abin da Mama ta ce ke nan. Ka jefa."

Gaskiyarta. Abin da Nuhad ta roƙa ga shi a gabana, taku biyu kacal. Hannuna har ya fara miƙewa. Sai na ga abin da ruwan ke ɗauke da shi: fararen furannin tuffa, da saiwoyi, da ɗanyen ganyen ɓaure, irin wanda ba ya faɗuwa a wannan wata. Sama ba gajimare ko ɗaya. Ruwan kuma, duk da jan, ƙara yin ƙasa yake. Shekara talatin ina zana wannan a allo wa yara. Ƙasa ta zube ta tare kogi, abin da ke tsiyayowa ta ƙarƙashinta ya fito da launinta, sauran ruwan yana can baya yana taruwa.

Na ce musu, "'Yan uwa, mu hau sama. Dutse ya zube a matsatsin da ke sama, ya toshe kogin. Idan ya ɓalle, nan zai fara zuwa."

Ba wanda ya motsa.

"Ustaz, yau ba ranar darasi ba ce," in ji Ghassan. "Shekara huɗu muna jiran wannan."

"Dubi layin da ke jikin duwatsu."

"Na ga duwatsu. Na kuma ga ja. Ka ji ƙarar zubewar wani abu? Akwai wanda ya ji? To. Awa biyu ne kawai. Ka jefa mu fara."

Na dubi fuskokinsu, mutanen da na sani shekara da shekaru. Ba wanda zai hau saboda bayanina. Na kuma san idan na saki kaskon nan, ba wanda zai juya baya sai na talatin ya shiga ruwa, ko da sun ji rugugi. Da hannuna na rubuta dokar a shafin farko na littafin. Amma dokar ta ce ni ne farko, kuma in ban jefa ba, ba a fara ba.

Na maida kaskon ƙirjina, na juya wa kogin baya, na kama hanyar hawa.

"Baba." Muryar Alisar ta yi sanyi. "Na tsallako rabin duniya."

"Na sani, 'yata. Biyo ni."

Ban waiwaya ba, domin na san idan na sake ganin jan nan ƙafata za ta tsaya. Na yi taku kamar ashirin ni kaɗai. Sannan na ji takalminta a bayana, sannan na wasu. Wata ta ce a tsallake ni mana, na biyu ya jefa. Wani ya amsa mata cewa an riga an canza rana, in aka canza wannan ma me ya rage. Ghassan ne ƙarshen hawa, ya bar buhunansa a kan Faranti.

Muka tarar da Sitt Wadad a kan gada, gashinta ɗaure cikin ɗankwali. Ta dubi kaskon a hannuna, ta matsa mini wuri a jikin ƙarfen gadar. Na kira jami'an agaji na faɗa musu abin da na gani, suka ce za su tura mutane su duba. Muka tsaya muna kallon ƙasa. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta. Kogin na nan siriri, ja, shiru. Faranti na nan a bushe da buhuna uku a kai.

"Da yanzu mun gama har mun ci abinci," in ji Ghassan. Bai dube ni ba.

Ba wanda ya buɗe kwanukan. Aka maida su mota yadda aka sauke su. Wasu suka bar kaskonsu a jere a bakin gada, wasu suka tafi da nasu. Mutum uku ne suka yi mini sallama.

Ranar Litinin da rana wani jami'i ya kira ni. Ya ce gaskiya ne, gefen dutsen da ke ƙasan sabuwar hanya ya sauko tun daren Asabar, kuma ruwa ya taru a bayansa kamar tafki. Ya ce sun gargaɗi ƙauyukan ƙasa. Na tambaye shi makiyayin da ke fadama. Ya ce sun ga garken daga nesa, sun yi masa kira da hannu, ya ɗaga musu sanda. Za su sake aikawa.

Da safiyar Talata na kai Alisar filin jirgi a Beirut. Da muka kusa, ta juyo gare ni.

"Ka yi daidai, Baba," ta ce. "Amma ka ba ni lokaci."

Na ce mata ta ɗauki duk lokacin da take so.

Daga can na wuce gidan Sitt Wadad, inda na bar kaskon. Kwanansa goma. Alkamar kasko ba ta da zurfin saiwa, shi ya sa ake jefa ta ranar takwas. Ta Nuhad ta yi rawaya, ta kwanta gefe ɗaya. Na ɗauke ta muka fita kan gada, ni da dattijuwar. Sauran kasaken na nan a jere inda aka bar su, tsironsu duk ya kwanta.

Wajen azahar iska ta fara zuwa daga sama, mai sanyi, da warin ɗanyar ƙasa. Tsuntsayen da ke cikin kwazazzabon suka tashi gaba ɗaya. Sannan muka ji shi, kamar manyan motoci da yawa na tahowa a kan tsakuwa. Ƙarfen gadar ya fara rawa a ƙarƙashin hannuna. Ruwan ya fito daga lanƙwasa da tsayin gida, ja wur, da itatuwa a tsaye a cikinsa. Buhunan Ghassan suka ɓace, sannan Faranti, sannan rabin hanyar da muka hau.

Sai da na sa bakina kusa da kunnenta kafin ta ji ni.

"Sitt Wadad, wannan jan ya yi?"

"Ban sani ba, Ustaz. Da kansa dai ya yi."

Na kira sunan Nuhad da na mahaifinta, yadda ake yi, na saki kaskon. Ban ga inda ya faɗa ba.

Ina cikin neman sa da ido na ga akuya ta farko, baƙa, ƙafafu sama, ruwa na juya ta. Ta biyu ta bi, da ƙararrawa a wuya. Na ƙirga tara, na daina. Na ɗaga kai na dubi hanyar da ke saukowa daga fadama, inda mutum zai bayyana idan ya tsira da ƙafarsa. Na daɗe ina duba ta. Ba kowa.

Sitt Wadad ta sa hannu ta kwance ɗankwalinta, ta rataye shi a ƙarfen gada. Ta zare tsinken gashinta, furfurar ta zubo a kafaɗunta. Sannan ta fara kukan.